Gadin Sheƙar Shaho: Tarihin 'Yan Sa Kai na Tafkin Garten

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san gadin gona. Idan gero ya fara nuna, sai a kafa wa yaro 'yar rumfa a tsakiyar gona, a ba shi gwangwani da majajjawa, ya wuni yana ihu don kada tsuntsaye su sauka. Tsakanin mai gadi da tsuntsu ba mu san wata ma'amala ba sai kora. To, a cikin wannan ɗan bayani ina so in kawo wa mai karatu tarihin wani gadi na dabam, wanda aka soma a ƙasar Sikotlan, can arewacin Birtaniya, a ƙarshen shekarun 1950. A can, manyan mutane da hankalinsu suka riƙa barin gidajensu da ayyukansu, suna kwana cikin sanyi ba tare da an biya su ko kwabo ba, domin su tsare wani tsuntsu daga sharrin ɗan'adam. Abin da ya fi jan hankalina a tarihin shi ne yadda gadin ya kasa cin nasara muddin ana yin sa a ɓoye, sai ran da aka buɗe ƙofa aka ce jama'a su zo su gani.

Tsuntsun da ake magana a kansa wani irin shaho ne wanda kusan ba ya cin komai sai kifi. Masana kimiyya suna kiransa Pandion haliaetus, mu kuwa a nan bari mu ce masa shahon kifi. Bayansa ƙasa-ƙasa ne mai duhu, cikinsa fari, yana da wani baƙin zane da ya ratsa idonsa kamar wanda ya zizara kwalli. Idan ya buɗe fukafukansa sukan kai ƙafa 5, har su ɗara. Kada mai karatu ya haɗa shi da babbar gaggafar nan mai farin kai da ke kuka a bakin manyan kogunanmu, wannan dabam take. Shi shahon kifi yakan tsaya cak a sama yana kaɗa fiffike, in ya hango kifi sai ya sulmiyo, ƙafafu a gaba, ya faɗa ruwa har wani lokaci ya nutse gaba ɗaya. Tafin ƙafarsa yana da kaushi kamar ƙaya, kuma yana iya juya ɗan yatsansa na waje ya koma baya, watau biyu gaba biyu baya, don kada kifi mai santsi ya kuɓuce. In ya tashi da kifin sai ya daidaita kansa ya fuskanci gaba, saboda iska.

A zamanin da, wannan tsuntsu yana yin sheƙa a wurare da yawa na Birtaniya. Ya ƙare a Ingila tun wajen shekarun 1840, ya saura a tsaunukan Sikotlan kaɗai. Mutane iri biyu suka gama da shi. Na farko su ne masu gadin dazuzzukan farauta na manyan masu ƙasa, waɗanda a wurinsu duk tsuntsu mai lanƙwasasshen baki ɓarawo ne, maganinsa bindiga. Na biyu kuwa, kuma su suka fi ban mamaki, su ne masu cewa suna ƙaunar tsuntsaye. A ƙarni na 19 wata irin sha'awa ta kama masu hali na ƙasar Turawa, ta tara ƙwan tsuntsaye. Sai a huda ƙwai, a hure abin da ke ciki, a jera ɓawon cikin akwati a kan auduga, a rubuta wuri da ranar da aka ɗauko. Shi kansa tsuntsun a harbe shi, a feɗe, a cusa wa fatar tsumma, a kafa a falo. Ƙwan shahon kifi kuwa yana da kyau ƙwarai, fari ne mai ɗigo-ɗigon ja da ƙasa-ƙasa, kuma ba safai ake samun biyu masu zane iri ɗaya ba. Ga kuma muguwar ƙa'idar kasuwa: gwargwadon yadda tsuntsu ya yi ƙaranci, gwargwadon yadda ƙwansa ke tsada, gwargwadon kuma yadda ake ƙara bin sa.

Akwai wani Bature marubuci, Charles St John, wanda ya zaga lardin Sutherland a 1848 yana harbin waɗannan tsuntsaye a kan sheƙarsu yana kwashe ƙwai. A littafin da ya rubuta game da tafiyar ya nuna cewa ransa ya ɓaci da ya ga ɗayan tsuntsun yana kewaya sheƙa yana kiran abokin zamansa da aka harbe. Amma nadamar ba ta hana shi wucewa tafki na gaba ba. Akwai kuma Lewis Dunbar, wanda ya addabi wata shahararriyar sheƙa da ke kan kangon wani tsohon gidan sarauta a tsibirin tafkin Loch an Eilein (kalmar loch a harshen mutanen tsaunukan tana nufin tafki). Wajen 1850, shekara bayan shekara, yakan zo cikin tsakar dare, ya tuɓe, ya faɗa ruwan nan mai kama da ƙanƙara, ya yi iyo zuwa tsibirin, ya hau kangon ya ɗebo ƙwai. An ba da labarin wani dare da ya yi haka alhali dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa, da ya fito kuma ya wanke cikin ɓawon da giyar wuski. In da jaruntaka kaɗai ake aunawa, da an sara masa.

Ba a rasa masu ƙoƙarin karewa ba. Masu ƙasar Rothiemurchus, inda wancan tafki yake, da na Lochiel, sun yi iyakar yinsu, har Ƙungiyar Nazarin Dabbobi ta Landan ta ba su lambar azurfa a 1893. Duk da haka sheƙar Loch an Eilein ta mutu bayan 1899, ta Loch Arkaig ta bi ta bayan 1908. Shekarar 1916 ita aka saba ɗauka a matsayin ƙarshen haihuwar shahon kifi a Birtaniya, ko da yake wasu masana suna ganin an ɗan riƙa samun ɗaiɗaiku suna haihuwa a lungu bayan haka. Darasin da masu kishin tsuntsaye suka ɗauka daga wannan duka shi ne: in ka ga sheƙa, ka kama bakinka.

A 1954 sai ga wasu biyu, mace da namiji, sun yi sheƙa kusa da Loch Garten, cikin dajin Abernethy, suka fitar da 'ya'ya 2. Ana zaton daga ƙasashen Sikandinebiya suka ɓullo, suna kan hanyarsu ta komawa gida sai wurin ya yi musu. Wani masanin tsuntsaye, Desmond Nethersole-Thompson, shi ya gani, kuma mutane ƙalilan aka gaya wa. A wannan shekara ce kuma majalisar Birtaniya ta kafa dokar kare tsuntsaye wadda ta haramta ɗibar ƙwansu. Amma doka a takarda ba ta hawa bishiya. A shekarun da suka biyo baya tsuntsayen sun yi ta dawowa yankin, ba su ƙara fitar da ko ɗa guda ba.

A nan ne George Waterston ya shigo cikin labarin, kuma ya kamata a ɗan tsaya a kansa, domin halinsa ya shafi yadda aka tsara aikin. Mutumin Edinbara ne, an haife shi a 1911, gidansu masu sana'ar ɗab'i ne da sayar da kayan rubutu. Tun yana saurayi ya shiga cikin waɗanda suka kafa wurin nazarin ƙaurar tsuntsaye a tsibirin May a 1934. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke ya shiga soja, Jamusawa suka kama shi a tsibirin Kirit a 1941. A sansanin fursunonin yaƙi na Warburg ya haɗu da wasu hafsoshi masu irin sha'awarsa, John Buxton da Peter Conder da John Barrett. Ba su da abin yi sai zama, saboda haka suka mai da zaman ya zama aiki: su sa wa sheƙa guda ido tun daga asuba har faɗuwar rana, suna karɓa-karɓa, suna rubuta duk motsin da tsuntsu ya yi a kan kowace irin takarda suka samu. An mai da shi gida a 1943 saboda ciwon ƙoda, ciwon da bai rabu da shi ba har rasuwarsa a 1980. Bayan yaƙi ya sayi tsibirin Fair Isle ya kafa wurin nazarin tsuntsaye a can a 1948, daga baya ya zama wakilin ƙungiyar kare tsuntsaye ta Birtaniya, wadda aka fi sani da RSPB, a Sikotlan. Watau mutumin da aka ɗora wa tsaron sheƙar ya san waya mai ƙaya, ya san gadi, ya san zaman jira, sai dai a da shi ne a cikin wayar.

A 1958 tsuntsayen suka sake yin sheƙa a Loch Garten, a ƙwanƙolin wata bishiyar fayin, irin dogayen itatuwan nan masu ganye kamar allura. Waterston ya tara abokai da 'yan sa kai, aka sa gadi dare da rana, kuma komai a asirce. Duk da haka, a wani dare mai duhu, masu gadi suka hangi mutum a kan bishiyar. Philip Brown, sakataren ƙungiyar, yana cikin masu gadin daren. Kafin su ratsa fadamar da ke tsakaninsu da bishiyar, ɓarawon ya diro ya shige daji. Da gari ya waye aka tarar da ƙwan a farfashe a ƙasa, a cikin sheƙar kuwa ga ƙwan kaza da aka shafa wa man goge takalmi don ya yi kama da na shaho. Nufinsa ke nan ya yi musanya, uwar ta ci gaba da kwanci a kan ƙwan kaza, masu gadi su ci gaba da gadin banza. Wannan ya nuna cewa ɓarawon ya san wurin, ya san lokacin, ya kuma shirya tun daga gida. Asirin da ake ta rufewa, jama'ar gari kawai aka rufe wa.

Shirin 1959 ya fi na baya tsanani, kuma an yi shi kamar shirin yaƙi, har sunan da aka ba shi ma irin na soja ne, watau Operation Osprey. Tsuntsayen sun koma wata bishiya kusa, inda suka fara tara kirare tun bayan satar bara. Aka sa gwamnati ta ayyana ɗaruruwan eka na kewayen a matsayin hurumin tsuntsaye, wanda shiga cikinsa ba izini laifi ne. Aka sassare rassan ƙasa na bishiyar, aka naɗe gindinta da waya mai ƙaya. Aka kafa wata 'yar bukkar katako ta leƙe a inda ake hangen sheƙar sosai, aka shimfiɗa katakai a kan taɓo don kada a sake yin abin bara, a ga ɓarawo a kasa isa gare shi. Daga baya aka ƙara da na'urar ɗaukar sauti a jikin bishiyar, mai kai ƙara har cikin bukka. A watan Yuni aka ga namijin ya kawo kifi, macen ta yayyaga tana sunkuyawa cikin sheƙa. An ƙyanƙyashe ke nan. 'Ya'ya 3 ne.

Sai Waterston ya yi abin da ya girgiza abokan aikinsa. Ya ce a sanar wa duniya, a gaya wa 'yan jarida da gidan rediyo, a kafa wurin kallo nesa kaɗan da sheƙar, a sa madubin hangen nesa, kowa ya zo ya gani. Ga mutanen da suka tashi a kan ƙa'idar kama baki, wannan daidai yake da a ba kura ajiyar nama. Hujjarsa kuwa mai sauƙi ce. Labari ya riga ya fara yawo, kuma masu son gani za su zo ko an so ko ba a so ba. In ba a nuna musu hanya ba za su bi ta cikin daji su firgita tsuntsayen. Gara a tara su wuri guda. Bayan haka, wanda ya ga tsuntsun da idonsa ya zama nasa, ran da aka taɓa ƙwan shi ma an taɓa shi. Cikin mako 7 ko ƙasa da haka, mutum wajen 14,000 suka bi ɗan siririn titin nan suka zo, suka yi layi, kowa ya sa ido a madubi ya ga 'yan tsuntsaye suna miƙa wuya. Duka ukun suka tashi lafiya.

Daga wannan shekara aikin ɗan sa kai ya rabu gida biyu, kuma kashi na biyu bai cika samun yabon da ya kamace shi ba. Kashi na farko shi ne gadi. Shahon kifi yakan iso Sikotlan a ƙarshen Maris ko farkon Afrilu, macen ta yi ƙwai 2 ko 3, ta kwanta a kansu kamar mako 5 zuwa kwana 40. Waɗannan makonni su ne na haɗari, domin ɓawo ɓarawo yake so, da an ƙyanƙyashe ba shi da sauran bukata. Saboda haka akan raba 'yan sa kai ƙungiya-ƙungiya, suna karɓar juna a bukkar leƙe ba dare ba rana. Masaukinsu tantuna ne da irin ɗakunan nan masu taya da mota ke ja, a wata gona da ke kusa, masu dafa musu abinci su ma 'yan sa kai ne. Mutum ya ɗauki hutunsa na shekara, mako guda ko biyu, ya biya kuɗin jirgin ƙasa daga aljihunsa, ya zo ya zauna a kan benci cikin duhu yana sauraron iska. A watan Afrilu da Mayu sanyin wurin yakan sa ruwa ya daskare da dare. In rani nasu ya shigo kuma, dare ya gajarce har ƙarfe 10 da sauran haske, sai wasu 'yan mitsi-mitsin ƙudaje masu cizo su fito dubbai, waɗanda duk wanda ya je tsaunukan Sikotlan yakan dawo da labarinsu. Yawancin darare ba abin da ke faruwa. Wanda ya yi gadi ya san wahalar da ke cikin wannan, domin idon da ya kwana 20 bai ga komai ba shi ne ake so ya kasance a buɗe a dare na 21.

Akwai kuma littafi a bukkar, kuma a nan ake ganin hannun tsohon fursunan Warburg. Duk mai gadi sai ya rubuta abin da ya gani da lokacinsa: ƙarfe nawa namiji ya tashi, ƙarfe nawa ya komo, da kifi ko ba kifi, girman kifin, wa ya karɓi kwanci, wane tsuntsu ya gitta aka kore shi. Asali dabara ce ta hana barci. Amma da shekaru suka taru, littattafan suka zama wata taska wadda masana suka yi nazari a kanta, suka fitar da bayani a kan yawan kifin da gida guda ke ci da yadda mace da namiji ke raba aiki. Ba wani farfesa da zai iya zama shekara 20 yana kallon bishiya guda, amma ɗaruruwan mutane da ba su da digiri a fannin sun yi, kowa sa'o'i kaɗan.

Kashi na biyu shi ne tarbar baƙi. Ɗan sa kai ya tsaya kusa da madubi ya daidaita shi, ya ɗaga yaro ya kai idonsa, ya nuna wa tsohuwa inda za ta duba, ya amsa tambaya guda sau ɗari a wuni ba tare da ya ɗaure fuska ba. Wani baƙon ya yi tafiyar mil 400 ya tarar ba abin gani sai tarin kirare da ɗan farin kai yana leƙowa, sai an san yadda aka yi da shi ya koma gida yana jin bai yi asara ba. A ganina wannan ya fi gadin dare wuya, kuma shi ya fi tasiri. A 1960 'yan ƙungiyar RSPB wajen 10,000 ne kawai, a 1997 sun kai miliyan guda. Ba za a ce shahon kifi kaɗai ya jawo haka ba, amma mutanen da suka ziyarci Loch Garten tun daga 1959 sun haura miliyan 2, kuma da yawansu a nan suka fara sa hannu a takardar shiga ƙungiya. Ƙauyen Boat of Garten da ke kusa har laƙabi ya samu da sunan tsuntsun, masu masauki da masu shaguna suka gane cewa arzikinsu yana kan bishiyar nan. Tsuntsun da a da ba shi da mai kare shi sai masu ƙasa biyu, yanzu mai sayar da shayi ma ya zama ɗan gadinsa.

Amma kada a ɗauka daga 1959 komai ya tafi sumul. Iska ta lalata sheƙar a 1963 da 1966. A 1964 wasu suka zo da zarto suka nemi kayar da bishiyar, sai da aka ɗaure ta da ƙarafa. A 1971 aka sake sace ƙwan duk da gadin da ake yi. A 1986 aka sake hawa da zarto aka yanke saman bishiyar, ƙwai suka fashe. Mai zarto ba ƙwai yake so ba, ɓarna kawai yake nufi, kuma ana iya cewa shaharar wurin ce ta jawo shi. Wannan shi ne kuɗin da aka biya na buɗe ƙofa, kuma masu sukar Waterston ba su yi ƙarya gaba ɗaya ba. Har ila yau, ya kamata a faɗi cewa sheƙa guda ce aka buɗe. Sauran da suka riƙa bayyana a Sikotlan an ci gaba da ɓoye su, wasu ma har yau. Loch Garten ta zama kamar rumfar da aka kafa a bakin kasuwa, kowa ya tsaya nan ya more idonsa, kayan kuwa suna can cikin sito. Dabarar Waterston haɗin biyu ce, bayyanawa da ɓoyewa, sai dai an fi tuna rabin farko saboda shi ya fi daɗin faɗi.

Yaɗuwar tsuntsun ta yi jinkiri ƙwarai. Namijin shahon kifi yana da son komawa kusa da inda aka ƙyanƙyashe shi, ga magungunan ƙwari irin su DDT da suka riƙa sa ɓawon ƙwai ya yi laushi a wancan zamani, ga ɓarayi. A 1976 gida 14 kacal ake da su a Sikotlan. A 1991 sun kai 71, a 2001 kuma 158. Roy Dennis, wanda ya zo Loch Garten yana saurayi a 1960 ya yi aikin kula da wurin, shi ya ɗauki abin ya zama aikin rayuwarsa: ya riƙa hawa itatuwa yana gina wa tsuntsayen sheƙa da hannu, yana sa wa 'ya'yansu zobe a ƙafa. Tsakanin 1996 da 2001 aka ɗebi 'ya'ya 64 daga Sikotlan aka kai tafkin Rutland a tsakiyar Ingila aka sake su a can, a 2001 aka samu haihuwar farko. A wannan shekara kuma wasu suka sauka da kansu a tafkin Bassenthwaite, a 2004 aka samu a kwarin Glaslyn na ƙasar Wales. Kowane ɗaya daga cikin wuraren nan ya kwaikwayi tsarin Loch Garten, da wurin kallo da madubi da 'yan sa kai. A Glaslyn ma, da RSPB ta janye a 2013, mutanen yankin ne suka kafa ƙungiyarsu suka karɓi aikin. Doka ita ma ta ƙara ƙarfi, daga 2000 a Ingila da Wales, daga 2003 a Sikotlan, satar ƙwai tana iya kai mutum gidan yari, alhali a da tara ce kawai wadda ɓarawo ke lissafawa cikin kuɗin mota.

Da zamani ya canja aka kafa kyamara a kan sheƙar, da farko tana kai hoto cikin ɗakin baƙi, daga baya har intanet. Masu kallo suka ƙaru, suka kuma shaƙu da tsuntsayen ɗaya-ɗaya. Wadda ta fi shahara ita ce wata mace da ake kira EJ, saboda haruffan da ke kan zobenta. Ta riƙe sheƙar daga 2003 zuwa 2018, ta fitar da 'ya'ya 25. An sha nuna hotonta tana kwanci dusar ƙanƙara ta binne ta sai kai. A 2017 namijinta, wanda ake kira Odin, ya ɓace daidai lokacin da aka ƙyanƙyashe, ba mai kawo kifi, 'ya'yan suka mutu a gaban kyamara. Ƙungiyar ta ƙi sa hannu, bisa ga ra'ayin cewa tsuntsayen daji ne, ba kajin gida ba, kuma an kafa gadin ne don tsare su daga mutum kawai. Mutane da yawa ba su yarda ba, wasu sun yi fushi sosai. Waɗanda ke tsaye a ɗakin baƙi, ma'aikata da 'yan sa kai, su suka sha tambayar fuska da fuska. Ni kaina na fi karkata ga ra'ayin ƙungiyar, amma ba na ganin laifin masu fushin, domin shekara 58 ana koya musu cewa tsuntsun nasu ne. EJ ba ta dawo ba a 2019, sheƙar ta yi shekara 3 ba haihuwa, sai a 2022 wasu sababbi suka fitar da 'ya'ya.

Saura wani abu guda da ya shafe mu. Shahon kifi ɗan ci-rani ne, kuma wajenmu yake zuwa. A watan Agusta macen takan riga tafiya, ta bar namiji yana ciyar da 'ya'ya, sa'an nan kowa ya kama hanyarsa shi kaɗai. Ɗan da bai wuce wata 3 ba zai ratsa Faransa da Sifen, ya ƙetare teku, ya ƙetare Sahara, tafiyar mil 3,000, ba uwa ba jagora. Na Sikotlan galibi suna sauka a Senegal da Gambiya da Gini Bisau. 'Yan'uwansu na Finlan da Suwidin da Jamus wasunsu sukan biyo ta gabas, kuma ana ganin wannan tsuntsu da rani a tafkin Kainji da fadamun Haɗeja da Nguru da Tafkin Chadi. Ɗan da ya iso karon farko ba ya komawa a bazarar da ta biyo, sai ya shekara biyu, kuma da yawa ba sa komawa sam. A 2008 aka ɗaura wa 'ya'yan Loch Garten guda 2 'yar na'ura mai magana da tauraron ɗan'adam. Ɗaya, mai suna Nethy, ta isa Afirka ta Yamma. Ɗan'uwanta Deshar ya kuskure hanya ya nufi tsakiyar tekun Atilantika, ya yi sama da kwana 4 yana tafiya ba inda zai sauka, dubban mutane suna bin ɗigonsa a taswira, har ɗigon ya tsaya.

Wanda ya isa kuwa yakan samu wani kututture a bakin ruwa ya mai da shi mazauninsa, kuma in ya rayu, wannan kututturen zai riƙa dawowa kowace shekara. Nan zai yi wata 5 ko 6, ya kama kifi ɗaya ko biyu a wuni, sauran lokacin ya zauna yana gyaran gashi. Ba waya mai ƙaya, ba bukkar leƙe, ba mai rubuta ƙarfe nawa ya tashi. Masunta sukan wuce shi a kwalekwale da asuba, wani lokaci wani ya lura da ɗan zobe mai launi a ƙafarsa. In Maris ya kama, iskar hunturu ta kwanta, sai a wayi gari a ga kututturen ba kowa.